Sabuwar MySQL ta hana ni shiga: in goge in sake, ko in biya mai gyara?

Malamin Unguwar Rimi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Makarantarmu ta sayi kwamfuta don ajiye makin ɗalibai. Na ɗora mata tsarin aiki na Ubuntu 22.04, na sa MySQL 8.0, manhajar ajiye bayanai, har aka gama ba a tambaye ni kalmar sirri ba. Yanzu in na buga mysql -u root -p sai ta jefo min ERROR 1698, ta hana ni shiga. Ba komai a ciki tukuna. Mai gyara ya ce naira 20,000. In biya shi, ko in goge in sake? Litinin za a fara shigar da maki.

Ɗan Rigasa: Wa alaikumus salam Malam. Leƙa /var/log/mysqld.log, akwai kalmar wucin gadi da take rubutawa a ciki.

Na-Kawo: Bar wurin kalmar sirrin a wofi ka danna, haka tawa da ta zo cikin kunshin manhajojin XAMPP take buɗewa.

Malamin Unguwar Rimi: Na gode, amma Ubuntu na ce. Wannan fayil ɗin ma babu shi a nan.

Hajiyar Kakuri: Malam, don Allah kada ka ba kowa. Ni a shagon maganina aka yi min. Yaro ya zo, ya sa layin skip-grant-tables a fayil ɗin saiti, ta buɗe, ya karɓi 35,000 ya tafi, ya bar layin a ciki. Ashe muddin yana nan, kowa na iya shiga ba kalmar sirri. Wata huɗu ana sauya lissafin kaya, kwalin magani ya fita a ce bai taɓa shigowa ba. Na zargi yarinyar da ke jiran shagon, na sallame ta, ashe ba ita ba ce. Har gida na bi ta neman gafara, mahaifiyarta ko ruwa ba ta ba ni ba. Kuɗin da na rasa bai kai wannan ciwo ba.

Na-Kawo: Allah ya mayar da alheri, Hajiya. Amma 35,000? Aikin nan 5,000 nake yin sa.

Ɗan Rigasa: 5,000 ko man babur daga Rigasa zuwa Barnawa da dawowa bai fitar ba. 15,000 ne daidai.

Injiniyan Malali: Kobo ma bai kamata ya biya ba, kuma gogewa ba za ta canza komai ba. A Ubuntu, root, babban asusun MySQL, yana shiga ne ta auth_socket, wato asusun kwamfutar ake dubawa, shi ya sa ba a tambaye shi ba. Malam, buga sudo mysql kawai, sudo ke ba ka ikon mai kula da kwamfutar. In ka shiga: ALTER USER 'root'@'localhost' IDENTIFIED WITH caching_sha2_password BY 'sabuwar kalmarka'; Kalmar wucin gadi ta masu CentOS ce, wani tsarin aiki daban da Ubuntu.

Na-Kawo: Yaya Injiniya, shekara tara ina wannan aiki, da umarnin UPDATE da PASSWORD() muke gyarawa.

Injiniyan Malali: Ƙanena, an cire PASSWORD() daga 8.0. Wanda ya bi tsohon bidiyon YouTube sai ya ƙara rikita kansa.

Na-Kawo: Ku masu takarda ku ke nan. Mu ne dai ake kira in ta lalace da tsakar dare.

Autan Tudun Wada: Malam ka sa ranar aurenka. In ka manta, uwargida za ta tuna maka, har da tara 😂

Hajiyar Kakuri: Ni tambayata, me ya sa masu gyara ba sa miƙa wa mai shago kalmarsa? Wanda ya gyara min daga baya, har yau a wayarsa take. In ya yi tafiya, shago ya tsaya.

Ɗan Rigasa: Hajiya, ki yi haƙuri, cikon kuɗi ke sa haka. Wani otel tun azumi nake bin su 60,000, kullum manaja ba ya nan. In na ba su kalmar, ta ina zan riƙe su?

Injiniyan Malali: Amana ce. Ka rubuta yarjejeniya, ka karɓi rabi kafin aiki, amma kada ka riƙe makullin gidan mutum.

Ɗan Rigasa: Yarjejeniya a garin nan? Ka taɓa kai wani kotu kan 60,000?

Malamin Unguwar Rimi: Injiniya, sudo ɗin ma kalma take tambayata. Wacce zan sa mata?

Na-Kawo: Ɗan Rigasa, otel ɗin nan na wajen Kudu ne? Ina jin ni ma sun riƙe min nawa.