"In ta yi ruwa rijiya": wace ce wannan "ta"?

Ɗan Mabera:
Salamu alaikum jama'a. Wata 'yar tambaya ce ta hana ni sakat tun shekaranjiya. Na kama ɗan shago a bakin titinmu zan gwada sayar da kayan masarufi, sai maƙwabcina ya tambaye ni ko na tabbata wurin zai yi ciniki. Na ce masa oho, in ta yi ruwa rijiya, in ba ta yi ba masai. Ɗiyata 'yar aji huɗu tana gefe tana ɓarar gyaɗa, sai ta ɗago ta ce, "Baba, wace ce za ta yi ruwan?" Na buɗe baki zan ce rami, na tuna ba a cewa rami ta yi. Na ce rijiya. Ta ce to ai in ba ta yi ruwa ba, ba rijiya ba ce ke nan. Na kore ta ta je ta wanke hannu. Amma tsakani da Allah yarinyar ta ɗaure ni. Masana, ina wannan "ta" ta dosa?

Mai Albasa:
Wa alaikumus salam. Kai ma da neman magana. Karin magana ba a yi masa fiɗa kamar akuya. Ma'anarsa kowa ya sani: ka shiga abu, ko ya yi kyau ko bai yi ba, ba ka tashi a tutar babu ba. Ka ba yarinya alewa ta bar ka ka huta.

Tsohon Mahaƙi:
Ɗan Mabera, ɗiyarka ta hi ka lura, yi haƙuri. Ni na yi aikin rijiya shekaru da dama yankin Kware kahin gwiwa ta zaunar da ni. Abin da anka ɓoye cikin maganag ga haƙa ta. Ba ka jin ana cewa haƙarsu ta cimma ruwa? To ita ta. Haƙa ta yi ruwa, haƙa ta ƙi. Mu ma "in ta ƙi masai" munka taso muna ji, ba "in ba ta yi ba". Kuma bari in gyara ma Mai Albasa: wanda yas san aikin bai ɗaukar maganag ga da cewa babu hasara. Ka kwana goma cikin rami, ƙasa na zubo maka bisa kai, yaro na jan guga sama, ka kai gaba shida ka iske dutsi. Mai gida ya biya kuɗɗin rijiya ya samu salga. Maganar rarrashin zuciya ta, wadda mutum ka yi ma kainai in ya ga alamar zai sha ƙasa.

Ɗan Mabera:
Baba, wato ni da na faɗe ta ranar buɗe shago, baki na yi wa kaina?

Tsohon Mahaƙi:
Ban ce ba. Allah shi sa albarka.

Malam Na Zaure:
Amsar Baba Mahaƙi ta yi ma'ana, sai dai ina ganin ba ta rufe ƙofa ba. Gwada ta a kan wani karin: "Ta faru ta ƙare, an yi wa mai dami ɗaya sata." A nan wace haƙa aka yi? Ko "ta leƙo ta koma". Ko mutum ya shigo yana haki ya ce "yau ta ɓaci". Babu wanda zai tare shi da tambayar wace ce.

A nahawun Larabci wannan bahasi ne sananne. Ƙa'ida ita ce kowane lamiri yana da makoma, wato sunan da yake komawa gare shi, kuma asali makomar ta riga shi zuwa. Amma malamai sun ware wani da suke kira lamirin sha'ani, wanda ba ya komawa baya ko kaɗan, jumlar da ke gabansa ce take fassara shi. Da shi mafi yawan malamai suka bayyana "huwa" ɗin farkon Ƙulhuwallahu. In ya zo da siffar mace sai su kira shi lamirin ƙissa. To ni a ganina Bahaushe ma yana da nasa, kuma mace ya zaɓa: magana, harka, duniya, duk wadda ka ga dama ka cusa a ciki. Mu da muke ƙasar da Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya bar mana nahawu da sarafi a waƙe, bai kamata 'yar aji huɗu ta kayar da mu a kan lamiri ba.

Ɗalibar Dundaye:
Allah gafarta Malam, kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi, domin a kan wannan nake rubutun kammala karatuna. Masana harshe suna kiran komawar wakilin suna zuwa ga sunan da ya gabata anafora, in kuma sunan a gaba yake, katafora. Wani zai iya cewa a "ta faru ta ƙare" katafora ce, domin sata mace ce kuma tana nan tafe a ƙarshen jumla. Ni ban gamsu ba, saboda mutane suna cewa "ta faru ta ƙare" su yi shiru, ba a kawo zancen dami ba sam, kuma maganar ta cika.

Abin da ya sa aka damu da batun a yau shi ne kwamfuta. Tun 1978 wani masani, Jerry Hobbs, ya tsara mata hanya: in ta ci karo da wakilin suna, ta bi ginin jumlar, in ba ta samu ba ta koma jumlolin baya, sunan farko da ya dace da jinsi da adadi ta kama shi. Hanyar tana aiki fiye da yadda mutum zai zata. Amma ku ba ta karin Ɗan Mabera, baya babu kowa. Na taɓa saka shi a wata manhajar fassara don gwaji, ta mayar mini da shi labarin wata mata da ta zama ruwa.

Mai Albasa:
To ai ga shi nan. Na'ura ta rikice, mu ba mu rikice ba. Me ya yi saura?

Ɗalibar Dundaye:
Saura mu san me ya hana mu rikicewa, Yaya. Ɗauki wannan: "Kaza mai yawan tono ita ke tono wuƙar yanka ta." Kaza mace, wuƙa mace, kuma wuƙar ce ta fi kusa da "ta" ɗin ƙarshe. Me ya sa ba ka taɓa jin cewa wuƙar za a yanka ba? Domin ka san ana yanka kaza, ba a yanka wuƙa. Ba nahawu ne ya gaya maka ba, zaman duniya ne.

Terry Winograd ya nuna haka a 1972 da jumla guda: mahukuntan gari sun hana masu zanga-zanga izini domin suna tsoron tashin hankali. Su wa ke tsoro? Mahukunta. Canja kalma ɗaya, ka ce domin suna neman tashin hankali, nan take "su" ta koma kan masu zanga-zanga. A 2011 Hector Levesque ya ba da shawarar a tara irin waɗannan jumloli a mayar da su jarrabawar gane ko na'ura tana da hankali. Shekaru na'urori suna faɗuwa, sai daga baya manyan manhajojin harshe suka fara cinye ta, har yanzu kuma ana gardama ko fahimta ce ko hadda.

Ga ta Hausa in kuna son gwadawa: tulu bai shiga buhu ba saboda ya yi girma. Wa ya yi girma? Yanzu ku ce saboda ya yi ƙanƙanta. Abin sha'awa, in kun cire buhu kun sa jaka, wasan ya mutu, domin "ya" da "ta" sun riga sun tona asiri. Turanci kalma ɗaya yake da ita ga tulu da jaka duka, mu kuwa ko tsintsiya sai mun san mace ce.

Uwar Biyu:
Ku bar zancen na'ura ku ji abin da wannan "ta" ta jawo a gidanmu. Bikin ƙanen mai gidana, ana rabon goro bayan ɗaurin aure, wani abokin wasa ya tambayi wan ango, yaya kake ganin auren nan, ga shi ba su daɗe da sanin juna ba? Shi kuwa bakinsa ba linzami, ya ce in ta yi ruwa rijiya, in ta ƙi masai. Har ga Allah harkar yake nufi. Ashe wata goggon amarya tana bayan zana tana zuba wa baƙi fura. Ludayin ma a cikin ƙwarya ta bar shi. Kafin la'asar magana ta kai gidan amarya cewa dangin ango sun kira 'yarsu masai. Sai da dattawa uku suka taka da ƙafarsu bayan isha'i, aka yi ta rantse-rantse, sannan aka kawo amarya. Yau shekara tara, 'ya'yansu uku, amma goggon nan in ta gan shi sai ta ce, "Sannu mai rijiya."

Don haka ni shawarata, kada a faɗi wannan karin a inda akwai mace da ake zancenta. "Ta" ɗin kamar kujera ce babu kowa a kai, duk wadda ke kusa za a zaunar.

Malam Na Zaure:
Hajiya, wannan kujerar taki ta fi duk bayanin da na yi. Kuma a kanta habaici yake rayuwa. Mace ta tsaya tsakar gida tana shara ta ce "wata dai ta ji kunya", kishiya ta fito ta ce da wa kike, ta ce na kama suna? Mai habaici da gangan yake barin lamiri ba makoma, don wanda ya tsargu ya ɗauka da hannunsa. Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ɗalibar Dundaye:
Wallahi Inna da za ki yarda da na sa labarin nan a babi na uku, ba tare da suna ba. Domin matsalar ke nan: na'ura a cikin rubutu take neman makoma, ita kuwa makomar tana bayan zana da ludayi a hannu.

Akwai kuma wani nau'in da ya fi wannan wahalar da masana. "Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski." Wane kuturu ne "masa"? Babu wani kuturu takamaimai, kowane mai cin lada da nasa. Peter Geach ya tayar da irin wannan a 1962 da misalin jaki, kusan a ce duk manomin da ke da jaki yana dukansa, har aka laƙaba wa irin jumlolin sunan jumlolin jaki. Sai a 1981 da 1982 Hans Kamp da Irene Heim, kowa ta hanyarsa, suka kawo bayanin da ya karɓu: mai sauraro yana buɗe wa duk abin da aka ambata wani gurbi a ƙwaƙwalwarsa, wakilin suna kuma gurbin yake nema, ba lalle wani jaki mai kunnuwa da ke tsaye a kasuwar Kara ba.

Mai Albasa:
Turawa sun shekara ashirin a kan jaki guda? Da sun zo Kara ranar kasuwa da an sallame su kafin azahar.

Tsohon Mahaƙi:
Ɗiyata, tunda ke kin yi karatun abin, ga tawa. "Kowa ya ɗebo da zahi, bakinai." Mi anka ɗebo? Nan ko "ta" ɗin babu.

Ɗalibar Dundaye:
Baba, kun kawo mafi wuya. Wannan shi ne inda ake sauke wakilin sunan gaba ɗaya a bar gurbinsa fayau. Hausa tana yawan yin haka, musamman in abin ba mutum ba ne. A tambaye ka, ka sayi goron? Ka ce na saya. Amma a ce ka ga Malam? Sai ka ce na gan shi, "na gani" a nan ba ta zauna daidai ba. Philip Jaggar, wanda ya wallafa babban nahawun Hausa a 2001, ya yi nazari a kan wannan bambanci na mutum da abin da ba mutum ba a cikin labaran Hausa. Ku lura kuma aikatau da kansa yana canja riga: na sayi goro, na saye shi, na saya. Wato ko da an ɓoye abin, ƙarshen kalmar yana shaida cewa akwai wanda aka ɓoye. Na'urar da aka horar da Turanci ba ta san ta duba wurin ba.

A karinku kuwa, na ɗauka tuwo ne ko kunu.

Uwar Biyu:
Ɗumame ne. Wanda ya taɓa kai loma daga tsakiyar tukunya da safe ya sani.

Tsohon Mahaƙi:
Rigima ta. Ba a taɓa hwaɗin maganag ga bisa abinci ba, sai in yaro ya tsokano abin da yaf hi ƙarhinai.

Malam Na Zaure:
Ku duka biyu kun faɗi daidai, ɗaya ya faɗi abin da ke cikin kwano, ɗaya ya faɗi abin da ke cikin zuciyar mai magana. Amma Baba Mahaƙi, ban sauka daga kan bakana game da rijiya ba. In haƙa ce kawai, me ya sa mai shago ya faɗe ta, mai aure ya faɗe ta, kuma babu wanda ya ji an kauce?

Tsohon Mahaƙi:
Don duk haƙa su kai, Malam. Wani da diga, wani da sadaki.

Ɗan Mabera:
Na gode jama'a. Na karanta wa yarinyar amsoshinku bayan magariba, na ce ta zaɓa: haƙa inji Baba, harka inji Malam, kujera inji Hajiya. Ta yi shiru, sannan ta ce ita ta Baba Mahaƙi ta fi gane wa. Sai kuma ta ce, "To Baba, da ka ce ta Baba Mahaƙi, mece ce tasa ɗin?" Uwarta ta ce in na sake biye mata tuwona zai huce.

Shagon dai jiya an yi cinikin sabulu uku da ashana kwali ɗaya.

Mai Albasa:
Ci gaba da haƙa, ba ka kai gaba shida ba tukuna.