Wai Turawa ne ke bin cuku a guje

Sadiq Fagge: Jama'a ku zo ku ga ikon Allah. Mutanen nan masu kallon dambenmu da sharo a matsayin dabbanci, su ne fa duk Litinin ɗin ƙarshe ta watan Mayu suke taruwa a tudun Cooper's Hill kusa da Gloucester a Ingila, a gangaro da cuku mai kilo 3 zuwa 4, ƙarti su bi shi a guje suna tuntsurawa kamar buhunan masara, wasu har karaya, wanda ya riga kaiwa ƙasa shi ke tafiya da cukun. A 2023 wata 'yar Kanada suma ta yi, sai da ta farfaɗo aka ce mata ai ke kika ci. Da mu ne da tuni an sa mu a labarai.

Ɗan Maraɗi: Malam gyara zancenka, wannan ba cuku ba ne. Cuku namu ne, na Buzaye da Fulani, busasshe falan-falan, da shayi ake cinsa. Ka taɓa ganin ya gangara?

Sadiq Fagge: To me kake so in ce masa?

Abba Tela: Awara ce kawai.

Maman Ilham: Haba Abba, awara da waken suya ake yinta, jiya ma na soya.

Ɗan Maraɗi: Ku 'yan Najeriya komai kun sani, alhali cukun ma sai mun kawo muku tsaraba.

Abba Tela: An fara.

Nura: Ni ina Birmingham, sunansa Double Gloucester, zagayayye ne kamar tayar baro. Kuma wannan ai wasan yara ne, a Chipping Campden mutum biyu ke riƙe kafaɗar juna su yi ta haurin ƙwauri da bambaro cushe a wando, bikin tun 1612 aka fara shi.

Maman Ilham: Kai Nura ba ka iya magana sai ka sanar da mu kana Birmingham.

Nura: Hassada dai, anti.

Admin Kabiru: To ya isa, na rufe. An tabbatar cuku ne kamar yadda Sadiq ya faɗa, Ɗan Maraɗi bai kawo hujja ko ɗaya ba.

Ɗan Maraɗi: Dama mana, ai ƙanin matarka ne.