Mai kaki a bakin shagonka: ka taɓa cewa ba ka sayarwa?

Mai Shayi, Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wani yaro ya nuna min a wayarsa cewa a Amurka, tun bayan da ɗan sanda ya kashe George Floyd a 2020, akwai masu gidajen abinci da suka ce mai kaki ba zai zauna musu a kujera ba. Mu nan Kamaru fa? Akwai wanda ya taɓa hana ɗan sanda ko jandarma kayansa, kuma me ya biyo baya? Don Allah wanda abin ya faru da shi kaɗai ya yi magana.

Hajiya Mai Tuwo, Marwa: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban taɓa hana mutum tuwo don kayan jikinsa ba, bashi na hana. Akwai wasu uku da suke ci a wurina kullum da rana, ina rubutawa a littafin 'yan makaranta, ƙarshen wata su biya. Biyu ba su taɓa cin min ko dala ba, ɗayansu ma shi ke ɗauko min buhun dawa a babur ɗinsa. Na ukun aka yi masa canjin wurin aiki zuwa kudu, ya tafi da sefa 14,000 nawa, ko sallama babu. Daga nan na ce kuɗi hannu, kowa da kowa. Ran da wani sabo ya zo ya wanke hannu ya ce a rubuta, na rage murya na ce, "Shef, a yi haƙuri, hatsi ya yi tsada, littafin ya rufe." Ya daɗe yana kallona, ya goge hannun a wando, ya fita. Makon bai ƙare ba aka zo tambayar takardar harajina, wadda rabon da a tambaye ta har na manta inda na ajiye. Ban ce shi ya turo ba. Allah Ya sa tana ƙasan akwati cikin leda.

Ɗan Zuwa-zuwa: Hajiya ke da kike da takarda ma ke nan. Ni da fetur ɗina ya tsallako daga Najeriya a jarka, da wane bakin zan ce wa mai kaki a'a? Yana tsayawa nake ɗauko mazurari. Wani ya biya, wani ya ce "sai na dawo". Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 ribar kwalba ta zama ba ta taka kara ta karya ba, "sai na dawo" guda ɗaya ya cinye min wuni.

Direban Albasa: Ni dai gaskiya da ina da shago da na rama. Ku ɗauko kaya daga Marwa zuwa Ngaundere ku ƙirga shingaye. Takardun mota cif, katin ɗan ƙasa a aljihu, amma a riƙe maka su a koma gindin bishiya a zauna, albasa tana dahuwa a rana, har sai ka gane karatun. Mutumin da ya yi maka haka, gobe ya zo ya ce ka zuba masa madara?

Malam Akawu, Ngaundere: Alhaji direba, ramuwar nan ba a kan wanda ya tsare ka za ta faɗa ba, kan wani za ta faɗa. Ga kuma abin da ke rubuce. Sashe na 242 na kundin hukunta laifuffuka na Kamaru, na 2016, ya hana a kori mutum daga wurin da jama'a ke shiga saboda launin fatarsa, addininsa, jinsinsa ko rashin lafiyarsa, hukuncin yana kaiwa shekara 2 a kurkuku. Aikin mutum ba ya cikin jerin. Sai dai dokar kasuwanci ba ta yarda ka ƙi sayar wa mai saye kayan da ka baje ba, in babu dalili mai ƙarfi. Wanda ya zo da kuɗinsa lafiya lau, sayar masa. Wanda ya zo neman bashi ko kyauta, babu dokar da ta ɗora maka shi, ko da taurari nawa ne a kafaɗarsa. Hajiya tana kan daidai. Wanda aka matsa wa, akwai lambar 1500 ta hukumar 'yan sanda da 1517 ta CONAC, masu yaƙi da cin hanci.

Ɗan Zuwa-zuwa: Malam, in na kira su na ce ina sayar da me?

Ƙanwar Mai Kaki, Marwa: Ku yi haƙuri in sa baki, yayana ɗan sanda ne. A Yulin 2015 da 'yan ƙunar baƙin wake suka tashi bama-bamai a garin nan, kowa na gudun kasuwa, su aka tsayar a ƙofa suna laluben mutane da hannu, ba su san wanda ke ɗauke da mutuwa a ƙarƙashin riga ba. Lokacin har ruwan sanyi ake miƙo musu kyauta. Hankali ya kwanta, aka koma kallon banza. Na taɓa raka shi sayen nama, mahaucin ya bi kowa ya sallama, har waɗanda suka zo bayanmu, mu muna tsaye. Yaya bai ce uffan ba, da muka dawo gida ya tuɓe kakin ya aiki yaro. Shi bai taɓa tsayawa a shinge ba, a ofis yake. Alhaji direba, ban ƙaryata ka ba, na san ana yi.

Direban Albasa: Ƙanwata, Allah Ya tsare yayanki. Ni ma ban manta zamanin 'yan fashin hanya ba, da sai da rakiyar soja muke ratsa dajin Waza. Amma wake ɗaya shi ke ɓata gari, su kuma nasu waken ba sa tsince shi.

Tela, Kusiri: Ku duk kuna maganar a ce a'a, mu nan bakin gadar Ngeli ba ma faɗinta. Masu kaki iri-iri ne ke wucewa, namu da na Chadi, ga kwastan, ba ka san wanda za ka tarar gobe in za ka tsallaka Njamena ba. Wanda na san ba ya biya, ina karɓarsa da fara'a, in shafa yadin, in yaba, sannan in nuna masa tulin ɗinkin da ke kan tebur in ce, "Ranka ya daɗe, sai dai bayan Sallah." Da kansa yake naɗe yadinsa. Wanda ke biya kuwa ko daren Sallah ne zan kunna fitila in gama masa. Akwai wani jandarma da ke ba ni kuɗin tun kafin in ɗauko tef, har abokan aikinsa yake kawo min, kuma duk wanda ya kawo shi ke tsaya masa. Hajiya, gwada haka da biyun nan naki: sabon da ke son littafi, ɗayansu ya sa hannu a gefen sunansa.