Yankari ko Wusasa? Musayar Baban 'Yan Biyu da Uwargidansa

Baban 'Yan Biyu:
Salama gare ku 'yan'uwa. Shekara 22 da aurenmu, duk Kirsimeti daga Kaduna sai Wusasa wurin Iya, daga can mu gangara Kagoro wurin surukaina a ga Afan, bikin gargajiyar mutanen Kagoro, ranar 1 ga Janairu. Bana na ce a canja, mu je gandun namun daji na Yankari a jihar Bauchi. Uwargida ta ce in kawo maganar nan da waƙa, za ta amsa mini da waƙa. To ga ni.

Da sunan Uba na fara waƙa,
Ya ba ni basira, ya ba ni ƙwari.

Uwargida saurara ki ji ni,
Bana hutunmu sai Yankari.

Shekara ashirin da biyu cur,
Hanya guda muke bi a jeri.

Kaduna, Zariya, sai Wusasa,
Mu juyo Kagoro da sauri-sauri.

Akwai wani ruwa sunansa Wikki,
Da ɗumi yake ko ana ɗari.

Mu ga giwa da ɓauna da gwanki,
Da bika mai jan zugar biri.

Ni da ke kaɗai, ba tukunya,
Ba hayaƙi, ba daka, ba tankaɗen gari.

Maman 'Yan Biyu:
Maigida na ji, sannu da waƙa,
Amma ka bar mini zancen biri.

Iya na can ta haura tamanin,
Tana ƙirga kwana tun da wuri.

Ta sa an share ɗakin baƙi,
Ta tanadi daddawa har da gishiri.

Wa zai gaya mata ba ma zuwa?
Ko tattabarunka su kai labari?

Ga matan Zumunta suna jira na,
Ni ce mai tulu a sahun fari.

Ka ce hutu kake so mu je,
Kai da ba ka son kwanan wani gari,

Sai ka bugo waya kan asuba,
"Shin tattabaruna suna cikin tsari?"

'Yar Kagoro:
Yaya ta gama magana, da amsa-amonsa ta ɗaure shi. Ga nawa a kai.

Suruki, ka ɗauke mana 'yar'uwa,
Yanzu Afan ma ka hana ta zuwa?
Ɗaya ga Janairu garinmu ya cika,
Maharba da ƙaho, 'yan mata da rawa.
In ruwa kake so ga Matsirga kusa,
Daga kan dutse yake kwararowa.
Me za ka samo a dajin Bauchi
Da ya fi albarkar uba da uwa?

Ɗan Alkaleri:
Ke 'Yar Kagoro rage ɗaga murya,
Ba ki taɓa taka ƙasarmu ba.
Matsirga ruwa ne mai sanyi ƙalau,
Tsoho ba zai shiga da hunturu ba.
Wikki ko tsakar dare ki je,
Ɗuminsa bai taɓa sauyawa ba.
Kina hangen yashi a ƙasan ruwa,
Allura ta faɗa ba za ta ɓace ba.

Digiri 31 ne dare da rana, rani da damina. Tun 1962 aka buɗe wa baƙi dajin nan, mutane na zuwa daga Turai, amma ɗan Kaduna sai ya tsufa bai leƙa ba. Ku bar bawan Allah ya kai matarsa ta huta.

'Yar Kagoro:
Ɗan Alkaleri mai tallan daji,
Nawa aka ba ka kake ta kiri?
Bikarku tana ƙwace burodin baƙi,
Je ka hana ta kan ka yi kuri.

Malamin Aruli:
Ku yi haƙuri in tsoma baki, ba a kan Yankari ba. Baban 'Yan Biyu, ɗangonka na "Bana hutunmu sai Yankari" gaɓa 9 ne. Na ƙarshe kuwa, "Ba hayaƙi, ba daka, ba tankaɗen gari", gaɓa 13. Dole baitin ya yi ɗingishi. Amsa-amo kaɗai ba ya yin waƙa, sai da kari.

Waƙa kamar riga take ɗan'uwa,
Tela yakan auna kan yankawa.
In hannu ɗaya ya zarce ɗaya,
Ba mai saka ta ya je gaisuwa.

Ɗan Alkaleri:
Malam, ka ƙirga na miji ka tsallake na mata. "Ta tanadi daddawa har da gishiri" gaɓa nawa ne? Ni 12 na samu. Ko ma'aunin naka a Kagoro aka sassaƙa shi?

'Yar Kagoro:
Gishirin Yaya ya zauna daram a miyarsa. Kai dai ka ji da birinka.

Mai Gangar Mawaƙa:
Shekara 15 ina riƙe da mawaƙan ikilisiyarmu, ban taɓa ƙirga gaɓa da yatsa ba.

Malam ka zo da ma'aunin Basra,
Ka ɗora wa waƙar gidan Iya.
Mu tulu ne ke yi mana awo,
In ya ce dum, sai mu ja murya.
Gaɓa goma sha uku tana shiga,
In mai rerawa ya san hanya.

Malamin Aruli:
Ba a raina Basra. A can Halilu ɗan Ahmad ya tsara karuruwa 15, daga baya aka ƙara Mutadarik suka cika 16, kuma a kansu malaman ƙasar Hausa suka ɗora rubutacciyar waƙa tun zamanin jihadin 1804. Waƙar baka daban, rubutacciya daban. Nan rubutu muke yi, ni ba na jin tulu a wayata. Mai karatu ba shi da makaɗi da zai cike masa giɓi.

Mai Gangar Mawaƙa:
To ka zo ranar Lahadi ka tsaya a bakin taga. In matan Zumunta suka tashi da anko, tulu da caki suka haɗu, ka ciro takardarka ka ƙirga mu gani ko za ka kai biyar ƙafarka ba ta fara motsi ba.

Malamin Aruli:
Ƙafa ta motsa ba hujja ba ce. Ko kiɗan turmi yana motsa ta.

Maƙwabcinsu na Katanga:
Assalamu alaikum. Ni Musulmi ne, katanga ɗaya ta raba ni da gidan nan, kuma in sun yi tafiya ni ke zuba wa tattabarun dawa. Ina da ta cewa.

Ku bar faɗan gaɓa da awo,
Ni cincin ɗina nake tambaya.
Duk Kirsimeti kwano na zuwa,
Duk Layya ni ma in kai cinya.
In Yankari ne, in Wusasa ne,
A soya kafin a ɗau hanya.

Baban 'Yan Biyu:
Jiya aiki ya riƙe ni, na dawo na tarar an bar maganata an koma Basra. Malam na gode da gyara. Uwargida, kin taɓa tattabaruna, amsarki ce wannan.

Kin ja tattabaruna cikin zance,
To bari in ba ki labarinsu.
Ƙwai biyu rak take yi a sheƙa,
Kwana goma sha takwas kwancinsu.
Namiji ya kwanta da rana tsaka,
Mace da dare, haka rabonsu.
In sun ƙyanƙyashe su biyu ke ciyarwa,
Ba mai barin ɗaya da 'ya'yansu.
Abin da na gani da ido ke nan,
Shi nake so mu ɗauka a halinsu.

Maman 'Yan Biyu:
Maigida ka kawo hujja da kanka,
Riƙe ta da kyau kar ka sake ta.
Namijin tattabara in ya so matarsa,
Ba ya cewa su bar sheƙa su huta.
Zama yake yi a kan ƙwan da kansa,
Kai ma ga murhu, zo hura wuta.
Ka san inda muciya take a Wusasa?
Ko sau ɗaya ka taɓa riƙe ta?

'Yar Kagoro:
Ayyiriri! Ɗan Alkaleri, ina kake? Fito ka ƙirga wannan.

Ɗan Alkaleri:
Na gani. An taru a kan mutum ɗaya, ba ku bar shi ya ja numfashi ba.

Baban 'Yan Biyu:
Kin yi gaskiya, ban taɓa riƙe ta ba. Amma bari 'yan'uwa su ji abin da ya sa na ce Yankari, don ba giwa ce ta dame ni ba.

Bara tun ƙarfe huɗu na asuba,
Na leƙa tsakar gida na hange ki.

Hazo ya rufe, ga ɗanyen itace,
Hayaƙi yana ta cin idonki.

Shinkafa tukunya uku kan wuta,
Mutum talatin suna jiran ki.

Aka kaɗa ƙararrawar sujada,
Kin sa anko da gari a hannunki.

Kin buga tulu, kin fita kan a sa albarka,
Don kar miya ta ƙone a bayanki.

Da dare kowa ya ƙoshi ya kwanta,
Ƙanzo na gani a kwanonki.

A tsaye kika ci shi jikin rumbu,
Hannu ɗaya dafe da ƙugunki.

Shi ya sa na ce mu tafi Wikki,
Ruwan ɗumi ya gasa jikinki.

Malamin Aruli:
Akwai ɗango mai tsawo a baiti na biyar. Na gan shi, amma yau ba zan ƙirga ba.

Maman 'Yan Biyu:
Na karanta tun daren jiya, na kasa amsawa sai yanzu. Ban san ka ga ƙanzon nan ba, Baban 'Yan Biyu. Allah ya saka maka. Kai ma ka ji nawa dalilin.

Ranar da aka kai ni Wusasa,
Iya ce ta fito ta tarbe ni.

Ban iya kaɗa miyar kuka ba,
Ta kama hannuna ta koyar da ni.

Da 'yan biyu suka zo da damina,
Kwana arba'in tana gasa ni.

Ta goyi ɗaya, na goyi ɗaya,
Ta raba dare don ta hutar da ni.

Yanzu idonta ya yi hazo,
Da taku da murya take gane ni.

A majami'ar ƙasa ta Bartalamawas,
Ina riƙe da ita, tana dafa ni.

Ban san Kirsimeti nawa ya rage ba,
Kar ka raba ta bana da ni.

Dattijon Wusasa:
'Yata, Allah ya yi miki albarka. Ɗana, kai ma. Majami'ar da take faɗa ginin ƙasa ne irin na Hausa, tun 1929 take tsaye, shekarar da mishan ɗin su Baturen nan Likita Mila (Walter Miller) ta bar cikin birnin Zariya ta koma Wusasa. Tsofaffin da suka girma a cikinta irin su Iya sun kusa ƙarewa. A Littafi Mai Tsarki na 1932 suka koyi karatu, har yau ayoyinsa suke ja da ka, kuma duk shekara benci na gaba sai raguwa yake yi. Ba zan ce a bar tsohuwa ita kaɗai ran Kirsimeti ba. Amma maganar ƙanzon nan ta tsaya mini a rai, don ba gidanku kaɗai ba ne. Mu maza muna zaune ƙarƙashin ɗurumi muna jiran kwano, muna cewa an yi biki.

Ku je Wusasa ku gai da Iya,
Amma a raba tukunya uku.
'Yan biyu sun girma, su ɗau ruwa,
Su faskara ice, ba baƙi ba ne a gidanku.
Kai riƙe nama da wankin kwano,
Ta zauna a sujada har a sallame ku.

Ɗan Alkaleri:
Baba ya yanke, ban da ja. Kuma in gaskiya za a bi, Disamba ba shi ne lokacin ganin dabbobi ba, ciyawa ba ta gama kwantawa ba. Daga ƙarshen Fabrairu zuwa Afrilu, in tafkuna suka ƙafe, duk bakin kogin Gaji suke taruwa. Ku zo lokacin. Abinci dai a rufe shi cikin ɗaki, maganar bika 'Yar Kagoro ba ta yi ƙarya ba.

'Yar Kagoro:
An raba wa Wusasa, an raba wa Bauchi. Afan fa? Mama ma tana da ido a hanya.

Maman 'Yan Biyu:
Ƙanwata kwantar da hankalinki,
Ɗaya ga wata muna Kagoro.
Maigida, Maris na yarda mu je,
Ko giwa ce ba na tsoro.
Amma ran ashirin da huɗu da yamma,
Kai za ka yanka albasa da attaruhu, ni in ci goro.

Malamin Aruli:
Wannan kam sai na ƙirga. Ɗan Alkaleri ya ce ina son kai, to ga shi: ɗangon ƙarshe na Maman 'Yan Biyu ya fi na mijinta tsawo nesa ba kusa ba. A cire attaruhu baitin ya miƙe.

Maman 'Yan Biyu:
Malam, ba a cire attaruhu a miyar Kirsimeti. Shi zai yanka.

Mai Gangar Mawaƙa:
Na gwada shi da ganga yanzun nan, ya shiga tsaf.

Baban 'Yan Biyu:
Na karɓa, da albasa da attaruhu da wankin kwano. Na kira 'yan biyu na gaya musu su zo da shirin faskare. Maƙwabci, ran 23 za mu tashi, cincin zai riga mu isa gidanka. Dawa na cikin buhu a bayan ƙofa, gwangwani biyu da safe, ɗaya da la'asar, a canja musu ruwa kullum. Farar nan mai wuyan toka tana kan ƙwai, kar yara su taɓa sheƙar. A rufe ɗakinsu kafin magariba, muzurun nan ya dawo.