Tambaya: mi ya sa wasu ƙusa suka fi kamuwa da kansar ƙashi?

Yar Tibiri:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ni ɗaliba ce a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, an ba mu aiki kan tururin nukiliya, sai na ci karo da binciken da aka yi a Jamus kusa da Munik, wai an yi wa ƙusa allurar toriyom-227, wani sinadari mai fidda tururin nukiliya, daidai wa daida amma wani iri ya fi wani kamuwa da kansar ƙashi. Abin ga ya ɗaure mini kai wallahi, guba guda awo guda, to mi ya raba su?

Malamin SVT:
Wa alaikis salam ƙanwata. Gado ne. Ƙusan labo, wato ɗakin gwaji, ba irin na gida ba ne, an daɗe ana haɗa wa da ƙanwa har kowane iri ya zama tamkar tagwaye, shi ya sa ake iya gwada su. Fararen nan da ake kira BALB/c sun fi irin da ake kira CBA kamuwa. Shi toriyom ƙashi yake bi ya zauna yana harba ƙwayoyin alfa, wani nau'in tururin nukiliya, ba su zuwa nesa amma duk DNA da ke kusa sai sun tsinka shi. To akwai ƙwayar gado Rb1 a kuromozom na 14, aikinta birki, ita ke hana ƙwayoyin jiki su yi ta rabuwa ba tsari, a BALB/c wurin da ke kunna ta yana da rauni sai birkin bai kamawa sosai. Amma kar ki rubuta ita kaɗai ce, an gano wasu wuraren ma.

Ɗan Gulbi:
Hhh mu ƙusan rumbunmu ko maganin kasuwa ba ya kashe su, su wane iri ne Malam?

Inna Likita:
Kai Ɗan Gulbi bari wasa. Ɗiyata, ki ƙara da na mutane. Radiyom kamar kalsiyom jiki ke ɗaukarsa, 'yan matan da ke fentin agogo da fenti mai radiyom a Amurka shekarun 1920 suna lasar burushi don bakinsa ya yi tsini, da dama kansar ƙashi ta kama su. Kuma yaran da suka gaji RB1 (wato Rb1 ta mutane) mai lahani, masu kansar ido, suna cikin babban haɗarin kansar ƙashi bayan an yi musu magani da gashin nukiliya.

Yar Tibiri:
Na gode ƙwarai Inna. Malam, ranar Litinin zan miƙa, in turo maka ka duba mini?