Saurin binne shi ne ya binne maganar?

Jiya aka cika shekara 2 da rasuwar yaron unguwarmu a Damagaram, ɗan shekara 16. Ya fita bayan magariba wata Laraba, ya ce zai karɓo wayarsa wurin mai caji, sai ranar Asabar makiyaya suka tsinci gawarsa cikin duwatsu a hanyar Mirya. Har yau ba a kama kowa ba. Ga yadda aka kwashe daren jiya a zauren unguwa na WhatsApp. Na cire sunaye da gangan.

Mushe (malamin makarantar boko): Salamu alaikum. Abin nan ya daɗe yana cina, yau sai na faɗa. Mu muka kashe maganar yaron nan. An ɗauko shi da hantsi, kafin la'asar mun rufe shi. An tambaye mu ko a kai shi likita ya duba, muka ce a ba mu gawarmu. Ranar muka binne shari'arsa tare da shi.

Liman: Wa alaikumus salam. Mushe, a riƙa tauna magana. Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a gaggauta jana'iza, hadisin yana Buhari da Muslim. Kuma Afrilu ne, zafin Damagaram ya haura 40, yaro ya kwana uku a fili. Kana Tanut lokacin. Mu da muka ɗauko shi mun san abin da hancinmu ya shaƙa.

Gwaggo: To wai me likita zai gano da ba mu sani ba? Ƴan pale ne, ƴan daban garin nan! Kowa ya san aikin yaran Kara-Kara. Wayarsa suka gani.

Ɗan kabu-kabu: Haba Gwaggo. Ni a Kara-Kara aka haife ni. Tun da aka tsugunar da kutare a can ake ɗora mana duk laifin garin nan, ko akuya ta ɓata a Zango sai a ce mu ne. Ban ce babu ɓata-gari ba, na san masu yawo da adda. Amma wayar tasa ai tana hannun mai caji har ranar sadakar uku. Ɓarawon waya ne zai bar waya?

Gwaggo: Au, tana can? Ni ba a faɗa mini ba.

Baba tsohon jandarma: Mushe yana da gaskiya rabi. Gawa tana magana, ko ta fara lalacewa. Ƙashin wuya, ƙoƙon kai, ƙarƙashin farce, duk likita na karanta su. Amma ni a ganina tun daren Laraba aka yi asarar, ba ranar Asabar ba. Kwana biyu cur babu wanda ya je komisariya, babu wanda ya buga 17, lambar ƴan sanda. Ana ta cewa ya bi abokai Jado haƙar zinariya, wasu su ce ya tsallaka Maimujiya ya nufi Kano. Kafin a farga, mai shayin da ya gan shi ƙarshe ya manta ko shi kaɗai ne ko su biyu.

Hajiya mai ƙosai: Baba, ba laifin mutane ba ne. Tun da zinariyar Jado ta fito a 2014 yara nawa suka sulale ba sallama, bayan wata biyu sai ka ji waya? Uwa ta fi son ta ce ɗanta ya yi tafiya.

Mushe: Shi ya sa nake cewa bayan mun rasa kwana biyun nan, gawar ce kaɗai shaidar da ta rage. Ita ma muka yi sauri da ita.

Malamar islamiyya: Allah gafarta Malam, da izininka. Gaggawa sunna ce, ban musa ba. Amma shi kansa Annabi (SAW) ranar Litinin ya yi wafati, ba a rufe shi a ranar ba. Kuma a Baƙara, aya ta 72 da 73, mutum aka kashe ana ta tura wa juna laifi, Allah bai ce a rufe a manta ba, sai da gawar ta tona wanda ya yi. Sahabin da aka tsinta a kashe a Haibara ma an yi zancen rantsuwa 50, daga ƙarshe Annabi ya biya diyyar raƙumi 100 don kada jininsa ya tafi a banza. Mu fa me muka yi? "Mun bar wa Allah", shi ke nan.

Liman: Malama, hujjarki ta zauna, malamai da yawa sun halatta binciken gawa in don gano mai kisa ne. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce da an yanka yaron nan da yanzu an kama wani. Wa ya ba ku wannan tabbacin? Likita zai ce shaƙe shi aka yi. To, wa ya shaƙe shi?

Baba tsohon jandarma: Nan kam Malam ya kama ni. Likita ba ya faɗin suna. Waya ce ke faɗi. Kowane layi da katin ɗan ƙasa ake yankarsa, kuma mai shigar da ƙara na gwamnati yana da ikon neman jerin kiraye-kiraye daga kamfani. Ku tuna yarinyar Kano ƴar shekara 5 da aka sace a Disamba 2021. Ana ta zargin baƙi, ashe mai makarantarsu ne, kotu ta yanke masa hukuncin kisa a Yuli 2022. Gwaggo, yaro mai shekara 16 ba ya bin wanda bai sani ba zuwa bayan gari da dare.

Gwaggo: Kana nufin na gida ne? A'uzubillahi. Ni na yi shiru.

Kawun yaron: Ina karanta ku tun ɗazu. Ni na sa hannu aka ba mu shi. Mushe, ba ka ga ƴar'uwata ranar ba, tana birgima a tsakar gida tana cewa kada a taɓa mata ɗa da wuƙa. Kai da kai ne me za ka yi? Har yanzu takalminsa ƙafa ɗaya da aka tsinta yana ƙarƙashin gadonta cikin leda. Wayar ma tana wurinta, duk Juma'a sai ta sa mata caji.

Mushe: Kawu, ka gafarce ni. Wallahi ba kai nake nufi ba, har da ni a ciki.

Baba tsohon jandarma: Tsaya. Wayar tana gida? Ba a taɓa karɓarta ba?

Kawun yaron: Ba wanda ya nema, mu ma ba mu kai ba.

Ladan: Ban so in yi magana ba, don mai wanka amana aka ba shi. Ni na wanke shi. Akwai shaidar igiya a wuyan hannunsa duka biyu, irin siririyar nan ta ɗaure kaya a bayan moto, har guntunta ya nutse cikin fata. Na cire na ƙunshe a takarda. Shekara 2 ke nan tana cikin akwatin littattafaina.

Baba tsohon jandarma: Ladan, goge saƙon nan yanzu, mu 140 ne a zauren nan. Kawu, kada kowa ya ƙara kunna wayar. Ku same ni gida bayan sallar asuba, ku duka biyu.