Yaron da hannunsa ya kama zane: abin da iyaye suka tattauna a Maradi

Zaman da muka yi a unguwar Bagalam kan yaran da ke cika bango da zanen gawayi ya yi tsawo, amma bakin mutane ya zo ɗaya a kan abu guda: a daina duka. Wata uwa ta ce tun da ta miƙa wa ɗiyarta tsohon kaye da alli, bangon ɗakinta ya huta, yarinyar kuma yanzu ita ke yi wa amare lalle a unguwa.

Inda aka fi daɗewa shi ne zanen mai rai. Malamin da ke cikinmu ya ce a karkata yaro zuwa zayyanar allo, ɗinkin hula da adon gini, kuma na gamsu, domin nan ma ido da haƙuri ake koya.

Wani baduku ya ce a kawo masa yaro ranar da babu lakwal, ya zauna ya ga yadda ake huda fata da basilla. Masu rubuta allunan shaguna ma suna karɓar yara. Sai dai kowa ya jaddada kar a cire shi daga karatu.